Rabin-Kai da Littafin Tafki

To ai shi ne nake gaya maka, ba kowane sa hannu ne sa hannu ba. Tsaya ka ji, kar ka katse ni. Mutumin nan mai aski ne, yana nan da ransa, in ka bi layin bayan kasuwa gobe za ka same shi tsaye a kan wani yana kankare masa ƙeya. Kowa Rabin-Kai yake ce masa yanzu, har matarsa in ranta ya ɓaci. Da can ba shi da wani suna sai Mai Aski, don mutum ne da ba ya cika ido, ko a hoton taro ka ganshi sai ka ɗauka wucewa ya zo yi.

Ya haura hamsin. Gajere ne, da ɗan tumbi, ga sanƙo tun daga goshi har ƙeya, abin da masu zaman bencinsa ba sa gajiya da shi. Kullum sai wani ya ce, "Mai Aski, kai wa yake yi maka naka?" shi kuma ya ce, "Wanda ya yi min bai karɓi ko sisi ba." Amsar ke nan shekara da shekaru, kuma kullum sai an yi dariya. Da ƙuruciya ya gwada kwandastan mota, murya ta ƙi. Ya gwada ɗinki, zama ya ƙi. Sai wani kawunsa ya miƙa masa almakashi, shi ke nan ya samu wurin tsayawa. Shekara ashirin da bakwai yana cikin shago ɗaya.

Shagon ma in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango. Madubi ya tsage daga kusurwa an liƙe da salatif. Kujerar mai juyawa ce, ƙafarta ɗaya ta gutsure an tallafe da rabin bulo. Kilifa biyu, ɗaya tana cizo, ita yake sa wa masu gardama. Ga kwalbar sifirit, ga gwangwanin hoda, ga tsumman wuya da ya manta asalin launinsa. Bencin na mutum huɗu ne amma kullum mutum shida ne a kai, kuma huɗu daga ciki ba aski ne ya kawo su ba.

Ka san masu aski da surutu. Shi ba ya ciki. "Sunkuya." "Juya." "An gama." Hirarsa ke nan da mutum tun daga zama har tashi.

Ƙofar bayan shagon tana kallon tafki. Ba wani tafkin a zo a gani ba ne. Ruwa ne kore-kore, ɓangaren kasuwa duk leda da robar ruwa, amma can ɗaya gefen kacalla ce ta fi mutum tsayi, ga bado, ga kwaɗi da ba sa barin kowa ya ji kiran waya in damina ta sauka. Belbela na kwana a bishiyoyin bakin ruwan har su yi fari fat kamar an shanya wanki. Akwai wani zalɓe guda ɗaya da yake tsayawa da ƙafa ɗaya tun safe, masu benci suna ce masa maigadi. Ta wannan ƙofar Mai Aski yake watsa gashin da ya share duk yamma, kuma bai taɓa tambayar kansa ina gashin yake zuwa ba. Yana dai ganin ba ya taruwa.

Wanda ya ba shi amsa wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, mai zuwa gyaran gemu duk mako. Ran nan ya shigo da wani abu a tafin hannu, ya ajiye a gaban madubi kamar ya kawo ƙwai. Sheƙar tsuntsu ce, iska ta kaɗo ta daga cikin kacalla.

"Duba cikinta," in ji Hedimasta.

Mai Aski ya duba. An shimfiɗe cikin da gashi, baƙi da fari, an murza shi lumui kamar katifa.

"Wannan furfurar ai tawa ce," in ji Hedimasta. "Na gane ta."

Wani mai gyaran rediyo da ke kan benci ya dafe kai. "Ashe shi ya sa kaina yake sara tun watan jiya! Tsuntsu ne yake kwana a kaina."

Aka yi dariya, aka wuce wurin. Mai Aski ne kawai bai wuce ba. Ya ɗora sheƙar a kan katakon da yake ajiye hoda, yana aski yana satar kallonta. Shekara ashirin da bakwai yana ɗauka shara yake zubarwa, ashe kayan ɗaki yake raba wa maƙwabta. Da Hedimasta ya dawo mako na gaba ya ce masa suna da ƙungiya ta masu kula da tafkin, bai bari ya ƙarasa ba ya ce a rubuta shi.

Ƙungiya dai sunanta ƙungiya. Mutum bakwai ne, shi ya cike na takwas. Akwai Hedimasta, akwai wani mai kemis, akwai malamin asibitin dabbobi, sauran duk tsofaffi ne masu ciwon gwiwa. Suna haɗuwa a garejin Hedimasta, a zauna a kan tayoyi, a karanta abin da aka tattauna wancan karon, wanda shi ma karanta na wancan karon ne. Wani lokaci su fita da buhu su tsinci leda. Mutanen layi suna ce musu iyayen kwaɗi.

Haka aka yi ta yi har ranar da hukumar gari ta kafa allo a bakin tafkin. Za a cike shi da ƙasa a yi tashar manyan motoci. Hedimasta ya sa babbar riga ya tafi ofis, ya yi zarya har takalminsa ya san hanya, ya dawo da takarda guda. Abin da takardar ta ce ba shi da wuya. In akwai ƙungiyar mutanen unguwa mai mamba ɗari, an rubuta su a littafi da sa hannunsu, za a bar tafkin a hannunsu. In babu, tifa za ta shigo. An ba su wata uku.

Mutum takwas, ana neman ɗari.

Hedimasta ya buga takardu ya shiga gida-gida. Matsalarsa ba ya iya magana gajeruwa. In ya tare mutum a hanya sai ya faro daga yadda ruwa yake zama girgije. Mutane suka koma in sun hango shi su sa waya a kunne. Cikin mako uku ya samo mutum huɗu, biyu daga ciki surukansa ne. Mai kemis ya ajiye littafin a kan kanta kwana goma, abin da ya samu a ciki lambar wayar wani ce da ya rasa takardar rubutu. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka miƙa wa Mai Aski, ba don ana sa rai ba, don dai layi ya zo kansa.

Ya huda littafin a kusurwa, ya zura igiya, ya ɗaure a hannun kujera kar ya ɓata. Ka riƙe wannan igiyar a ranka, za mu dawo kanta.

Kwana biyu bai iya buɗe baki ya yi wa kowa maganar ba. A rana ta uku yana tsakiyar yi wa wani bakanike aski, ya gama gefen dama tas, aka ɗauke wuta. Bakanike ya kalli madubi, gefe ɗaya kamar ƙwarya, gefe ɗaya kamar daji. Ba halin fita. Suka yi jugum. Shirun ya ishi Mai Aski, sai ya jawo littafin ya ce, "Ka san za a cike tafkin nan?"

"Na ji."

"Ana neman sa hannu."

"Kawo." Ya sa hannu da baƙin mai a yatsa, ko karantawa bai yi ba. Wuta ta dawo, aka ƙarasa aski.

Daren ranar ba sai na ce maka ya yi tunani ba, washegari da safe dai aka ga sabon salo. Mutum zai zauna, a ɗaura masa tsumma, kilifa ta hau ta gefen dama ta share har tsakiyar kai, sai ka ji ɗif. Ba wuta aka ɗauke ba, shi ya kashe. Ya ajiye ta a hankali, ya hure ta, ya jawo igiya, ya ɗora wa mutum littafi a cinya da biro a kai.

"Mene ne haka?"

"Tafki."

"Wane tafki? Ƙarasa min mana, ina sauri."

"Ni ma sauri nake. Layi na goma sha huɗu, nan."

Ba ya roƙo, ba ya bayani. Tsayawa kawai yake da hannu a baya yana kallon silin. Mutum ya kalli madubi, ya kalli ƙofa, ya tuna akwai mutane a titi kuma bai zo da hula ba. Sai ka ga an ɗauki biro.

Masu benci suka samu sinima kyauta. Da sabon mutum ya zauna sai su gyara zama. Kilifa na yin ɗif su haɗa baki, "An zo wurin!" Wani mai sayar da taya ya yi zuciya ya ce shi ba mai tilasta shi, ya fizge tsumma ya fita da rabin kai. Bai kai bakin kwalta ba yara suka biyo shi da ihu. Ya dawo ya zauna ya ce, "Ina ne layin?" Wani ango da za a ɗaura wa aure da azahar ya ce in ana so har na amarya zai sa. Wani ɗan sanda ya ce wannan garkuwa da mutane ce, zai iya kama shi a kai, ya faɗa yana sa hannu. Mai gyaran rediyo kuwa sau uku yana sawa, don duk askin da ya zo sai an tsaya, shi kuma Mai Aski ba ya duba baya.

Daga nan sunan ya fito. "Ina za ka?" "Wurin Rabin-Kai." Kuma abin mamaki ciniki bai ragu ba. Wasu ma rakiyar abokansu suke yi don su ga yadda fuskarsu za ta koma.

Cikin wata ɗaya aka wuce ɗari. Hedimasta ya zo ya juya shafukan yana gyara tabarau, ya ce, "Kai, ashe gwani ne a cikinmu muka zauna muna kallo." A taron gareji aka ba shi kujerar roba guda ɗaya da ake da ita. Mutumin da bai taɓa jin an tafa masa ba, aka tafa masa. Ya dawo gida yana tafiya kamar an ƙara masa tsawo.

Matarsa tabarma take saƙawa. Duk safiya bayan ta sallami yara, takan ɗauki lauje ta zagaya can ɗaya gefen tafkin ta yanko kacalla, ta shanya a tsakar gida, ta zauna da ƙafa a miƙe tana saƙa. Ba ita kaɗai ba. Gefen nan na mata ne tun kafin a haife ta. Akwai masu yankan kacalla, akwai masu haƙar yumɓu na tukwane, akwai masu wankau da ke baza zannuwan mutane a kan ciyawa, akwai tsofaffi masu tsinkar ganyen magani. Daga ƙofar bayan shagonsa yana hango su kullum, ɗigo-ɗigo masu launi, kamar yadda yake hango belbela.

Ran da ya dawo da labarin tafi, tana zaune tana datse bakin tabarma ta ce, "Baban yara, wai littafin nan naku ba a rubuta mata ne?"

"Ana rubutawa mana."

"To ni fa?"

"Yana shago."

"Ka taho da shi gida."

"A ɗaure yake."

Ta ɗago ta kalle shi. "Da sarƙa?"

"Da igiya."

"Kai da kake kwana da almakashi a aljihu?"

Ya ce gobe. Gobe ta zo ya manta, don akwai kawuna a layi. Bayan mako biyu ta sake tayar da maganar, ta ce matan bakin ruwa suna tambaya, sun ji an ce za a cike, ko akwai inda ake sa hannu. Ta ce in shigar shagon ne ba za su iya ba, ka san mace ba za ta ratsa ƙartin bencin nan ta zauna a kujerar aski ba, amma in ya ba ta littafin wuni ɗaya za ta zagaya da shi.

Yana wanke hannu ya ce, "Ai mun ma wuce adadi. Ɗari ake nema, muna da ɗari uku da wani abu. Ki ce su kwantar da hankalinsu, an gama musu aiki."

"An gama mana."

"An gama."

Ta ce to, ta ci gaba da saƙarta. Ba mace ce mai maimaita magana sau uku ba.

Ba mugunta ba ce, kar ka ɗauka. Shi dai mutum a wurinsa kai ne da ke zuwa ya zauna a gabansa. Wanda bai taɓa zama a kujerar nan ba, idonsa yana ganinsa amma lissafinsa ba ya kawo shi.

Wa'adi ya cika. Hedimasta ya yanke igiyar da kansa, ya kai littafin ofis, aka buga masa hatimi a shafin ƙarshe, aka ja layi a ƙasan suna na ɗari uku da arba'in da ɗaya. Bayan mako biyu takarda ta fito. Wata jami'ar hukuma za ta zo ranar Asabar ƙarfe goma na safe, a bakin tafkin, za ta kira suna. Mutum ɗari su amsa da bakinsu, shi ke nan magana ta ƙare.

Hedimasta ya karanta musu takardar a gareji. Rabin-Kai ya ce, "Ko kashi ɗaya cikin uku ne suka zo ai mun haye." Duk wanda ya zauna a kujera a makon nan sai ya tuna masa. Kowa ya ce in Allah ya kai mu. Masu benci suka ce su ai a nan za su karya.

Asabar ta zo. Ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba ranar ciniki, ya sa rigarsa ta zuwa suna. Aka jera bencina a ƙarƙashin bishiyar belbela, aka goge kashin tsuntsu, aka kawo tebur daga gidan Hedimasta. Ƙarfe goma saura jami'ar ta sauko daga mota, mace ce mai tabarau da fayil a hammata, ba fara'a ba ɗaure fuska. Ta zauna, ta buɗe littafi, ta kalli bencinan. Rabinsu babu kowa.

Ta fara kira. Takwas na farko suka amsa da ƙarfi. Surukan Hedimasta suka amsa. Daga nan sai ta kira suna, kwaɗi su amsa. Ta kira, shiru. Ta kira, shiru. Mai gyaran rediyo ya amsa sau uku, ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau, ta soke biyu. Ango bai zo ba. Ɗan sanda yana aiki. Mai taya an ce ya ce ko a lahira aka kira wannan littafin ba zai amsa ba.

Da ta kai shafi na huɗu Rabin-Kai ya miƙe ya ce a yi masa minti goma. Ya ruga layin kasuwa da rigar suna yana haki. Ya samu bakanike a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Fito, ana kiran suna!"

"Sunan wa?"

"Naka! Ba kai ka fara sa hannu ba?"

Bakanike ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai. "Haba Rabin-Kai. Ni fa kaina na fansa. Ka ba ni kaina na ba ka hannu, ai an rabu lafiya."

"Za a cike tafkin."

"To a cike mana. Sauro ya ragu." Ya koma ƙarƙashin mota.

Ya shiga shago biyar. Wani ya ce yana zuwa, wani ya ce wa zai bar wa kaya, wani ya ce shi ya ɗauka littafin masu bin layi ne. Ya dawo da mutum biyu, ɗaya ma ba ya cikin littafin, biyo shi kawai ya yi ya ga abin da ake rabawa.

Jami'ar ta gama shafin ƙarshe ta haɗa. Mutum ashirin da uku.

Rabin-Kai yana tsaye yana share gumi, sai idonsa ya tsallaka ruwan. Suna can kamar kullum. Ba wanda ya kira su, ba taro suka zo ba, aiki suka zo. Wasu sun shiga ruwa har gwiwa suna yanka, wasu suna bugun wanki a kan dutse, wasu sun duƙa a ramin yumɓu. Mai aski ba ya ganin taro bai ƙirga kai ba, jininsa ne. Ya fara daga hagu. Goma. Talatin. Hamsin da biyar. Da ya kai tamanin bai ƙarasa gefen masu wankau ba, sai ya daina, don ya san in aka ɗora tamanin a kan ashirin da uku an wuce ɗari.

Hedimasta ma ya gani. Ya matsa kusa da tebur ya cire hula. "Ranki ya daɗe, ga mutanenmu can. Su ne ma masu tafkin na gaskiya. A ba mu rabin awa mu rubuta su."

Ta juya littafin ta nuna masa hatimi da layin da aka ja. "Baba, an rufe wannan sama da mako biyu. Ko na so ba ni da ikon ƙara suna a ƙasan layin nan. Me ya hana ku rubuta su tun farko? Wata uku aka ba ku."

 Duk suka juya suka kalli mutum ɗaya.

Duk da haka ta ƙara musu rabin awa ko wani zai zo. Ta zauna tana kallon zalɓe. Mutum ɗaya ya zo, shi ma hanya ce ta biyo da shi.

A cikin rabin awar nan ne matarsa ta zagayo, ɗaurin kacalla a kai, laka har ƙwauri. Ta sauke kayan ta gaida Hedimasta, ta gaida jami'ar, sannan ta dubi mijinta.

"Baban yara, an gama mana?"

Ya share gumi da hannun riga.

"Nawa suka zo?"

"Ashirin da huɗu."

Ta kalli bencinan, ta kalli littafin da guntuwar igiya ke reto a kusurwarsa. Ta ce, "Taya ni," ya ɗora mata kayan a kai, ta wuce gida.

Jami'ar ta rubuta abin da za ta rubuta, ta miƙa wa Hedimasta littafin, ta ce Allah ya ba da haƙuri. Hedimasta ya miƙa wa Rabin-Kai ba tare da ya kalle shi ba.

Tifofin sun fara zuwa bayan damina. Wata biyu suna juye ƙasa. Belbela suka yi kwana uku suna zagaye a sama suna neman bishiyarsu da aka sare, daga nan ba a sake ganinsu ba. Zalɓen ya daɗe, yana tsaye a ɗan ruwan da ya rage kamar faranti, har ranar da aka juye ƙasa a kan ruwan ya tashi. Masu tukwane suka koma sayen yumɓu daga wani gari, da yawansu suka bari. Masu wankau suka koma layin famfo. Matarsa ta saƙa abin da ya rage mata a tsakar gida, da ya ƙare ta rataye laujen a bayan ƙofa. Yanzu ƙanƙara take ƙullawa a leda. Ba ta taɓa yi masa gori ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk abin da ya ce mata gobe, takan ce, "A ɗaure yake?" ta ci gaba da abin da take yi.

Ƙungiya ta watse ba tare da an ce an watse ba. Hedimasta ya koma gyaran gemu a wani shagon.

Ga abin da zai ba ka haushi ko dariya, ka zaɓa. Tashar da aka yi ta kawo masa ciniki irin wanda bai taɓa gani ba. Direbobi da yaran mota suna sauka da gashi cunkus, ƙofar bayan nan da take kallon ruwa yanzu ita ce ƙofar shiga. Ya canja madubi. Ya sayi kilifa mai caji, ko an ɗauke wuta ba ta tsayawa, kuma tun daga ranar nan bai sake tsayawa a tsakiyar kan kowa ba. In ya fara sai ya dire. Direbobin suna kiransa Rabin-Kai don sun ji ana kira, ba su san dalili ba, shi kuma ba ya faɗa. Ya koma "Sunkuya, juya, an gama."

Kujerar ce kawai bai canja ba. Bulon da ke ƙarƙashinta ya farfashe, sai ya ninke littafin ya cusa a wurin, ya zauna daram. Mutum ɗari uku da arba'in da ɗaya suna nan a ƙarƙashin duk wanda ya zo aski. Sheƙar ma tana nan kusa da hoda, ta yi ƙura. Gashi kuwa yanzu a buhu yake tarawa ya ba masu kwasar shara, don in ya watsa a baya, nan zai kwana, nan zai wuni, ba mai ɗauka.

Masu benci har gobe suna gardama a kan laifin wa ne. Wasu su ce nasa ne, wasu su ce na masu sa hannun ne, wasu su ce dama can an gama magana a sama, ko dubu suka zo sai an cike. Dukkansu kuwa sunansu yana cikin littafin, kuma ranar Asabar ɗin nan biyu ne kawai suka zo.

Kai da kake ta gyaɗa kai kana cewa Allah wadai, takarda nawa ka taɓa sa wa hannu don kawai a sakar maka kai ka tafi, kuma ranar da aka kira sunanka, kana ina?